Hudu da Rijiyar Gidansu

Hudu taubashina ne, uwarsa ƙanwar babana ce, saboda haka ina da damar in faɗi abin da na ga dama a kansa, kamar yadda shi ma bai taɓa raga mini ba. Ni Wahabu tela ne, rumfata tana kallon ƙofar gidansu a zangon Salaga, kuma daga kan keken nan na kalli yawancin rayuwarsa. Gajeren mutum ne mai faɗin ƙirji, kunnuwansa ba sa rabuwa da jar laka ko ranar Sallah. Wandon aikinsa ɗaya ne, na yi masa faci har na manta asalin yadin. Ina kiransa Gafiya, don rabin rayuwarsa a rami ya yi ta. Shi kuma yana kirana ɓarawon ƙyalle, wai duk hulunan 'ya'yana daga rigunan mutane na yanko su.

Aikinsa rijiya: ya haƙa sabuwa, ya yashe tsohuwa, ya ciro guga ko akuya in ta faɗa. A wajen mahaifinsa, Baba Sidiku, ya gaji sana'ar. Wanda bai san Salaga ba sai ya ɗauka garin da rijiyoyi suka yi wa yawa haka ba zai taɓa kukan ruwa ba. Rijiyoyin kam ga su nan tun zamanin fatake, a bayan gida, a cikin ciyawa, har a gefen hanya, amma yawancinsu sun mutu, sai jemagu da shara. Masu rai kaɗan ne, su ma in rani ya tsananta sai ka ji guga yana dukan ƙasa. In ta kai haka sai mata su nufi dam ɗin bayan gari, inda shanu ke sha, inda kuma ake kwaso kurkunu, tsutsar nan da ke fitowa a ƙafa ta kwantar da ƙato ana tsakiyar noma.

Rijiyar gidan Baba Sidiku daban take. Tsohon ya haƙa ta tun yana saurayi, ya dace da ido mai ƙarfi, kuma da gangan ya yi ta a waje, gaban zaure, don kada kowa ya yi sallama kafin ya sha ruwa. Abu biyu ya bar wa ɗansa tare da igiya da dagi. Na farko, mai rijiya in ya gama aiki ya fito, shi zai fara sha a gaban masu gida, sannan ya ce musu su sha. Na biyu, ba a sa wa rijiya kwaɗo, ba a kuma korar wanda ya zo da guga, ko da jiya kun yi faɗa. Hudu ya riƙe waɗannan biyun kamar a allo ya karanta su.

Mai mulkin bakin rijiyar kuwa yayarsa ce, Atikatu, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, take sayar da koko da ƙosai a gindin darbejiya. Mace ce mai tsawo da kaifin baki, ni kaina ina shakkarta duk da ita ma taubashiyata ce. A idon sawunta akwai tabon kurkunu da ta samo a ƙauyen aurenta can wajen Kpandai, kuma tun daga nan ta yi rantsuwa ruwan dam ba zai sake shiga randarta ba. In ka yabi kokonta sai ta ce ba hannunta ba ne, ruwan Baba ne. In ka kushe shi kuma, ranar ka shiga uku.

Ban taɓa ganin mutumin da aikinsa ke yi wa daɗi kamar Hudu ba. Da zarar ya sauka ƙasa sai ya fara waƙa, da wata irin murya da Allah ya taimaki jama'a ya sa a rami kaɗai take fitowa. Da rani ya shigo sai saƙonni su fara zuwa ta hannun direbobin lori. Ya tafi Yendi, inda yake cewa ƙasa sai ka roƙe ta kafin ta ba ka ruwa. Ya wuce Bawku wajen masu shanu da masu lambun albasa, ya yi wata biyu, ya dawo ya rame, ya yi baƙi, yana dariya, da buhun albasa da zabi a ɗaure. Bai taɓa tara abin kirki ba, ɗakinsa har yau rabinsa ciyawa ne rabinsa kwano. In na yi masa gori sai ya ce, "Kai da ka tara, ina rigar da ka ɗinka wadda mutum zai sa bayan shekara talatin? Ni jikokin mutane suna shan aikina." Haushin maganar nan yana kama ni, don gaskiya ce.

Shekarar tamanin da uku, da aka yi farin nan, gobarar daji ta cinye gonaki, ga 'yan'uwa da aka koro daga Najeriya sun cika gidaje, rijiyoyin unguwa suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Ta gidan Baba Sidiku ta ja baya amma ba ta tsaya ba. Hudu ya sauka ya ƙara mata zurfi, layin garwa da bokiti ya miƙe har ya kusa tashar mota. Atikatu ta tsaya a kai tana tsawa, tana raba faɗa, tana zagin masu tsallake layi, amma ko mace ɗaya ba ta koma da garwa a bushe ba. Tun daga shekarar nan mutanen unguwa suka ɗauki rijiyar kamar wata dattijuwa a cikinsu.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin gari ya fara motsi. Wani Alhaji Muniru ya kafa injin casar shinkafa a filin da ke bayan gidan, ya haɗa da na niƙa, ya kawo taraktoci da garejin gyaransu. Kada wani ya ce mun ƙi abin, murna muka yi. Samari sun sami aiki, ni na sami ɗinkin kayan ma'aikata, Atikatu ta huta da dutsen niƙa, har tana cewa bayanta ya miƙe. Wata rana babban fitan garejin, wato makanike, wani Badagombe mai fara'a da ake kira Yussif, ya tare Hudu a rumfata da Hausarsa ta koyo, yana ce masa Mba, wato baba.

"Mba Hudu, zo ka duba mini. Akwai wani tsohon rijiya a bayan inji. Ya mutu ne, ko yana da rai?"

Hudu ya je ya leƙa, ya jefa dutse, ya saurara. "Wannan tun ina yaro ta mutu," ya ce.

"Ya mutu kuraa, gaba ɗaya? Ba mai shan shi?"

"Ko ƙadangare ba ya sha."

Yussif ya yi godiya ya tafi. A Salaga matacciyar rijiya juji ce, kowa ya san haka, a ciki muke zuba toka da fasassun tukwane, shi ya sa Hudu bai tambayi dalili ba, ni ma da nake zaune ban tambaya ba. Ashe Yussif wurin zubar da baƙin mai yake nema. Tsabtarsa ce ma ta jawo, ba ya son man ya malala a fili yara su taka. Duk man da aka juye daga taraktoci da inji, da dattin tankin dizal, can ya riƙa tafiya, damina tana zuwa tana tura shi ƙasa.

Sai bayan damina biyu abin ya bayyana, a farkon ranin casa'in da biyu. Mata suka fara ganin wani sheƙi mai launi-launi a saman guga. Atikatu ta ce wata ƙazama ce ta zura garwar kananzir, ta kuma kama sunan wadda take zargi. Hudu ya sauka ya yashe rijiyar tas, ta kwana ta taru, sheƙin ya dawo. Ya sake yashewa. A saukarsa ta ƙarshe na lura ba waƙa, sai ƙarar kwando kawai. Da ya fito bai tsaya wanka ba, ya zagaya bayan inji, ya leƙa ramin nan, ya daɗe a tsugune. Alhaji Muniru da ya ji man garejinsa ne ya bi ƙasa ya shiga rijiyar, hankalinsa ya tashi, nan take ya hana zubawa, Yussif kuwa har da hawaye. Amma wanda ya riga ya shiga ƙasa ba mai iya kiransa ya dawo.

Washegari da safe mata suka taru da garwoyinsu, suna jiran abin da aka saba. Atikatu da kanta ta jawo guga, ta cika moɗa ta miƙa masa. Hudu ya karɓa, ya kai hanci, ya kurɓa kaɗan ya juya a baki. Sannan ya tofar, ya tuntsurar da sauran a ƙasa. Mata suka dubi juna. Ni da nake kan keke sai da na miƙe tsaye, don tunda nake ban taɓa ganin ya zubar da ruwan farko ba.

"Ba zan ce ku sha ba," ya ce. "Ku yi haƙuri."

"Hudu, kalle ni," in ji Atikatu. "Ina za su je? Bohol ɗin gwamnati yana can ƙarshen gari, in ka je da asuba sai azahar. Dam kake so su koma?" Ta ɗaga zaninta kaɗan ta nuna masa tabon. "Wannan na san shi. Wancan sheƙin kuwa a kwashe shi da ludayi, a tafasa, a tace. Damina biyu za ta wanke shi."

"Yaya, kurkunu ana tace shi da ƙyalle. Wannan ya shiga cikin idon ruwan, ƙyalle ba ya kama shi. Na ga abin da ke cikin ramin can, ko damina goma ba za ta gama da shi ba. Binne ta za a yi."

"Rijiyar Baba? Sai dai ka fara binne ni."

Gidan gadonsu ne su biyu, rijiyar ma haka, kuma Hudu ba mutumin da zai ɗauki shebur a kan abin yayarsa ba ne ba tare da ta ce to ba. Alhaji Muniru, don neman maslaha, ya aiko da murfin ƙarfe da ƙaton kwaɗo. Wannan ne kaɗai abin da suka haɗa baki a kai a ranin nan, suka mayar masa da kayansa da godiya. To, ba za a kulle ba, ba za a binne ba, ga mutane da ƙishirwa, in aka bar ta a buɗe kuwa sai sun ɗiba. Sai Hudu ya jera katako a bakinta, ya shimfiɗa buzunsa, ya hau ya zauna.

Haka ya cinye mafi yawan ranin. Direba ya kawo saƙo daga Yendi, ya ce a ba su haƙuri. Wani mai shanu a Bawku, wanda Hudu ke yi wa aiki duk shekara, ya aiko har sau biyu, ya ce a gaya masa bana kam sai dai wani. Lokacin samunsa ke nan yana wucewa, gidansa ana cin tuwo da miyar kuka ba nama, shi yana zaune yana tufkar igiya. Na ce masa, "Gafiya, ashe kaza ce kai, yaushe za ki ƙyanƙyashe?" Ya ce in na gama sata in yanka masa ragowar farin yadi. Na yanka, na yi musu baki, duk matar da ta zo sai ya miƙa mata ƙyallen tacewa, ya ba ta haƙuri kamar shi ya zuba man. A ransa ma haka ya ɗauka. Ya taɓa ce mini, "Tambaya ɗaya ce ban yi ba, Wahabu. Da na ce masa don me." Tausayinsa ya kama ni, har na kasa tsokanarsa ranar.

Atikatu kuwa ta daina yi masa magana. Takan tashi ta bi layin bohol, ta dawo da ruwan da bai kai rabin kokon da ta saba damawa ba, ta wuce shi kamar kututture. Amma kwanon kokonsa kullum ana aje masa a gefen buzu, da ƙosai a kai, kuma ba aljani ne ke ajewa ba.

Wata rana da hantsi mutane suka zo a guje, wai wani makiyayi ya faɗa tsohuwar rijiya a bayan kasuwa, yana da rai, ana jin nishinsa. Hudu ya miƙe ya suri igiyarsa, sai ya tsaya ya dubi katakon. Ya dubi yayarsa.

"Yaya, zauna mini."

Ta aje ludayi ta zo ta zauna, fuska a ɗaure. Ba a jima ba sai ga Mma Abibatu, wata tsohuwar Bagwanja maƙwabciyarsu mai Hausar koyo, ƙawar marigayiya uwarsu, tana dogara sanda, da 'yar buta da ƙaramin guga. Ta ga Hudu ba ya nan, ta ga wadda ke cewa ruwan lafiya lau yake ita ce a kai, shi ya sa ta fito.

"Atika, ɗiyana, kaɗan ne kawai. Ƙafa na ba ya kai bohol. Ki ɗaga katako ɗaya, ba mai gani."

Na tsayar da keke ina kallo. Atikatu ta sa hannu a katakon, ta ɗaga shi kaɗan. Rana ta yi zafi, rijiyar ta daɗe a rufe, warin da ya taso har rumfata sai da ya iso. Ta mayar da katakon a hankali.

"Mma, ba zan ba ki ba."

"A gidan Sidiku?" in ji tsohuwar. Ba da faɗa ta faɗa ba, mamaki ne kawai. "Tun uwanki yana amarya nake sha a nan."

Atikatu ta karɓi butar ta shiga gida ta cika mata daga randarta. Kafin tsohuwar ta ɓace sai ga wata da goyo, ita ma ta ji labarin Hudu ya tashi. Sai ga wasu biyu. Ta ba su na randa har ya ƙare, kokon gobe ke nan ya tafi, sauran kuma dole ta dube su ido da ido ta ce a'a. Matar da ta shayar da unguwa guda a shekarar fari, ranar nan ta kori garwa ta fi a ƙirga. Da la'asar Hudu ya dawo, ya fito da makiyayin da karaya ɗaya, ya tarar da ita zaune a kan buzunsa tana share ido da bakin mayafi.

"Haka kake yi kullum?" ta ce.

"Haka."

"Wannan ba zaman ɗan Baba ba ne. Gara a ce babu rijiya a gidan nan da a ce akwai ana hanawa. Nemo ƙasa."

Alhaji Muniru ya aiko da tarakta cike da jar ƙasa, aka fara toshe ramin bayan inji, sannan aka dawo kan tamu. Unguwa ta fito kamar ana jana'iza, ni ma na rufe rumfa. Hudu ya miƙa wa yayarsa kwanon farko, ya ce ta fi kowa ɗiba, ita za ta fara mayarwa. Ta zuba, muka ji faɗuwar ƙasar a ruwa, wasu mata suka juya baya. Kafin a ci gaba sai ya ce a dakata. Ya sa dagi ya ɓanɓare babban dutsen bakin rijiyar, wanda ake jan igiya a kansa, ya sa mu mu huɗu muka mirgina shi gefe. Na tambaye shi ko miya zai yi da shi, ya ce in rufe masa baki.

A sauran ranin ya bi gari yana duba ƙasa, har ya zaɓi wani wuri a tudu, gabas da masallacin unguwa, nesa da inji. Limamin ya ba da filin, Alhaji ya kawo siminti, Yussif yana tashi daga aiki yake zuwa jan kwando, ba wanda ya sa shi. Hudu a lokacin furfura ta cika masa kai, amma ya sauka kamar saurayi, kuma ba a daɗe ba muryar nan mara daɗi ta fara tasowa daga ƙasa. Wallahi na yi farin cikin jin ta. Ruwan da ya samu bai kai na Baba Sidiku yawa ba, in rani ya yi nisa sai an jira shi, amma garau yake, kuma har yau ana sha.

Ranar da aka gama, ya sa aka ɗora tsohon dutsen a bakin sabuwar. Sai a lokacin na dube shi da kyau. Igiyoyin shekaru sun ci gefensa, sun yi masa kwari-kwari masu santsi, wasu har yatsa yana nutsewa. Atikatu ta iso da gugarta, tana mita tun daga nesa, wai tudun ya yi mata tsawo, wai an kai rijiya inda sai mai ƙarfin gwiwa. Sai ta ga dutsen. Ta durƙusa ta bi kwarin da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan mai zurfin na Inna ne," ta ce. "A nan take tsayawa, ta hagu, don rana."

"Naki fa, Yaya?"

Ta nuna na kusa da shi, wanda bai kai shi zurfi ba. Ta daɗe tana kallonsu su biyun, sannan ta miƙe, ta koma ta hagu, ta sa igiyarta a na uwarsu, ta zura guga.